Ɗigo na Huɗu

A maƙerar mahaifina ba a zuwa a nuna hauya a ce ga wadda ake so. Kai za a auna. Baba zai tsayar da kai a bakin rumfa, ya zaro igiyar kaba daga rufi, ya auna daga kafaɗarka zuwa wuyan hannu, ya ƙulla. Sai ya ce ka duƙa kamar kana noma, ya auna daga ƙasa zuwa inda hannunka ya tsaya da kansa, ya sake ƙullawa. Ƙulli na uku na faɗin tafin hannu ne. Daga nan ya sallame ka, ya zauna da igiyar yana ninka ta biyu, yana ninka ta uku, har ya fitar da tsawon ƙota da faɗin ruwan hauyar da irin lanƙwasar da za a yi wa wuyanta. Ƙasar Jazira baƙar laka ce mai riƙe ƙarfe. Hauyar da ba ta dace da jikinka ba, kafin a gama noman farko ta gama da bayanka.

In ya kammala aiki, sai ya ɗauki madoshi ya buga ɗigo uku a jere kusa da wuyan hauyar. Na farko na kakansa ne, wanda ya taso daga yamma da uwar maƙera a kan jaki da niyyar zuwa Makka, ya iso bakin kogi ya sauke kaya don ya huta, hutun da bai ƙare ba har ya rasu. Na biyu na mahaifinsa, na uku nasa. Duk wanda ya gaji wutar gidan yakan ƙara nasa ɗigon, kuma ranar farko da hannunsa yake bugawa. Mutanenmu da ke noma a hawashoshi, wato gonakin ban-ruwa, na Wad Haddad da kewaye sun san ma'anar ɗigon nan. In hauyar ta karye, akwai gidan da za ka mayar da ita, kuma ba za a yi maka gardama ba.

Ɗigo na huɗu na yayana ne tun ranar sunansa. Sai dai shi tun da ya tasa ya bi motocin masu haƙar zinariya zuwa arewa, kuma bai ɓoye wa kowa ba. Ya ce ƙarfen da yake nema ba baƙi ba ne, a daina jiransa. Saura ni, ni kuwa mace ce, mace kuma ba ta taɓa masaba, gudumar ƙira, a gidan maƙera. Gaskiya abin bai taɓa hana ni barci ba. Ban ga abin sha'awa a hayaƙi da ƙunar hannu ba. Abin da ya ɗauke mini hankali tun ina ƙarama shi ne igiyar nan. Ni da Inna muke tufka ta, don haka nake ganin ina da haƙƙin in tsaya in ga abin da ake yi da ita. Kafin in iya tuƙa tuwo na san wane ƙulli ake ninkawa uku, wane ake ƙara wa yatsa biyu, da yadda ake karkatar da bakin hauya in mai ita bahago ne.

Da na gama sakandare na tafi Madani na koyi zanen kayan aiki da kwamfuta. Ga wanda bai taɓa gani ba, abin ba wuya. Kana zana abu da awonsa daidai, ka ba shi kauri, ka juya shi a allo ka duba gabansa da bayansa da ƙarƙashinsa. Kana iya ɗora masa nauyi a cikin kwamfutar, inda zai karye ya yi ja, tun ba ka ɓata ƙarfe ko ɗaya ba. Ranar da malaminmu ya nuna mana yadda ake ɗaure awo da awo, ta yadda in ka canja ɗaya sauran duka su bi shi, dariya ta kuɓuce mini a tsakiyar aji. Ya tambaye ni abin dariya. Na ce a gidanmu da igiyar kaba ake yin wannan. Bai gane ba, ni ma ban tsaya bayani ba.

Aiki na samu a Hasahisa, a warsha, wato shagon aikin ƙarfe, ta wani Balarabe mai injin da ke yanka ƙarfe da wuta yana bin zanen da aka ba shi. Ƙofofin gidaje muke yi da tagogi. Kowane ɗan kasuwa yana son ƙofarsa ta fi ta maƙwabcinsa furanni, ni kuma in zana. Na zana ɗawisu har na gaji da ganin wutsiyarsa. Duk lokacin da aiki ya yi sauƙi, sai in buɗe wani zane nawa da ba wanda ya sa ni, ina gina hauyar Baba a ciki, ina koya wa kwamfutar ninkin igiya ɗaya bayan ɗaya. Don nishaɗi nake yi a lokacin, ban san ranarsa tana zuwa ba.

Gab da damina Inna ta kira ni. Ta ce kafaɗar Baba ta ƙi. Shekara da shekaru yana yanka tsofaffin fayafayan garmar tarakta da kurfi da guduma, ƙarfen da ko namiji mai jini a jika sai ya yi gumi, yanzu hannun dama ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. Ta ce ya yanke shawara. In an gama noman bana zai kashe wuta, ya aika da uwar maƙera ga wani maƙeri a Dindir wanda ba jininmu ba, madoshin kuma ya jefa shi a rijiya. Tana faɗar rijiya na ji raina ya ɓaci, ɓacin da ban zata ba. Washegari na hau mota da kwamfutata a jaka.

Na same shi da hantsi a rumfa, ya tasa butar jabana a gaba yana kurɓar gahawa, wuta a kwance. Na durƙusa na gaishe shi, na bari ya gama tambayar hanya da mutanen warsha, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Yankan ƙarfe ne ya fi ƙarfinsa, to inji zai yanka. Shi ya gasa, ya lanƙwasa, ya fitar da baki, ya sa ƙota.

Ya dube ni ya dubi jakar.

"Ɗiyata, kin ga hauyoyin da anka cika kasuwa da su? Dubu, dut kansu ɗaya. Dogo da gajere, mace da namiji, kowa shi ɗauki iri guda shi tahi shi karye bayanai. Akwatin ga naki shi na ubansu. Ni ban ƙera ma iska hauya, mutum nika ƙera ma."

"Baba, ba ni mutum guda. Wanda ka ga dama."

Kamar an aiko shi, sai ga Kawu ya shigo yana jan ƙafa. Kawu abokin Baba ne tun na ƙuruciya, bahago ne, kuma tun da ya faɗo daga kan lori a wata kakar auduga ƙugunsa bai ƙara lanƙwasuwa daidai ba. Duk ƙauyen ba wanda hauyarsa ta kai tasa wuyar sha'ani. Ya zo da tsohuwar a hannu, ta cinye har ta koma kamar cokali. Da ya gan ni sai ya tare ni da sunan injiniya na Larabci.

"A'a, muhandisa ta a gari! Halan kin zaka ki yi muna ƙohwa mai tsuntsu?"

Baba ya yi murmushin mugunta, ya nuna shi da haɓa. "To ga mutum nan. Bismilla."

Na ce awo nasa ne, ba zan karɓe masa ba. Ya tashi ya auna Kawu da hannun hagu, yana jan ƙulli da haƙori. Na karɓi igiyar na shimfiɗa ta a kan tef ɗin awo, na shigar da tsawon ƙulli ukun, na nuna wa kwamfutar cewa mai hauyar bahago ne. Hauyar da ke allo ta motsa. Ƙota ta ƙara tsawo, wuya ya buɗe, baki ya karkata gefe. Na juya ta a hankali don su gani ta ko'ina.

Kawu ya yi salati. Baba kuwa ya ƙura wa allon ido. Ya matso, ya sa babban yatsa ya shafi bakin hauyar a jikin allon, yadda yakan gwada kaifi. Da ya ankara da abin da ya yi sai ya janye hannun ya goge a riga. Sannan ya ɗauki igiyar ya ninka ta yadda ya saba, ya ce in faɗi tsawon ƙota. Na faɗa, ya ɗora ninkinsa a kan tef. Ya ce in faɗi faɗin ruwa. Na faɗa, ya ɗora. Bai ce daidai ba, bai ce ba daidai ba, ya dai ce Inna ta ƙaro gahawa.

Can ya nuna wuyan hauyar. "Nan hwa? Wanga ba nawa ba na. Mi ya sa kinka ƙara mata kahwaɗa?"

"Don nan suka karyewa, Baba."

"Hauyata ka karyewa?"

"Ni nika share rumfag ga tun ina ƙarama. Na san tarin karyayyun da ka bayan buhun gawayi."

Kawu ya tuntsire da dariya har da buga cinya. Na buɗe zanen yadda Baba yake yi, na ɗora masa nauyin laka, wuyan ya yi ja wur. Na buɗe nawa, jan ya baje ya dushe. Baba ya daɗe yana kallon jan nan, ina ganin ransa bai so ba, amma maƙeri ne, ya san wurin.

Na koma Hasahisa. Mai warsha ya yi ta dariya wai daga ɗawisu na sauko zuwa hauya, amma ya ba ni farantin ƙarfe mai tauri ya ce in gwada. Kafin shayin da aka zuba mini ya huce inji ya gama yanka, aikin da kan ci wa Baba wuni guda da kafaɗa. Na naɗe ƙarfen a zane na kai gida ranar hutu.

A gidan maƙera mai hauya shi ke zuga wuta, don haka Kawu ya zauna ga zugazugi yana mita. Baba ya gasa ƙarfen, ya lanƙwasa wuya da ƙaramar masaba, ya fitar da baki, ya tsoma a ruwa ya yi cuu. Na ga yadda fuskarsa ta saki da ya ji ƙarfen yana bin hannunsa. Ya sa ƙota, ya daidaita, ya miƙa wa Kawu. Ina tsaye ina jiran ya ɗauki madoshi. Bai ɗauka ba.

"Baba, ɗigo hwa?"

"Ban yanke ta ba. Abin da ban yanke ba, ba ni shaidatai."

Na ji kamar in fasa ihu. Awonsa ne, ninkinsa ne, wutarsa ce, amma don wani inji ya ɗauke masa wahalar da ta nakasa shi, sai hauyar ta zama marar gida? Ba tare da ɗigon nan ba duk aikina banza ne, don ba Bahaushen da zai baro ta kasuwa ya zo neman hauyar da ba mai tsaya mata. Na buɗe baki, Inna ta daka mini harara daga bakin ƙofa, na rufe. Sallamar da na yi wa Baba ran nan ta cika ladabi, amma ba ɗumi a cikinta, kuma ya ji.

Da na ba mai warsha labari, sai ya ga abin ba ya buƙatar ɓacin rai. Da Larabci ya ce mini, "Ya muhandisa, ɗigo uku ne fa. Sa su a zane, inji ya fitar da su. Mu yanka dubu iri ɗaya mu kai Sinnar da Dindir. Wa zai sani?"

Na ce ni zan sani. Na kuma ce masa ko ta fuskar kasuwa bai hango daidai ba. Dubu iri ɗaya akwai masu yin ta a ƙasashen da ba za mu taɓa kamo su ba, kuma tasu za ta fi tamu araha har abada. Abin da muke da shi wanda ba su da shi shi ne mun san mutumin. Inji ba ruwansa ko hauya dubu ɗin nan kowace da awonta, zai bi zane ne kawai, zanen kuwa canja shi bai fi shigar da ƙulli uku ba. A da, wanda zai yi kaya masu yawa dole ya manta da mai saye, wanda zai tuna da mai saye kuma dole ya yi kaɗan ya mutu da ciwon kafaɗa. Kwamfuta ta raba mu da wannan zaɓin. Na ce masa nan gaba ƙaramar warsha irin tasa ba da ƙofofi za ta rayu ba, da kayan da aka yi wa mutum ne daidai jikinsa da gonarsa. Ya ce na cika baki. Na ce ƙwarai kuwa, kuma ina da abin cika shi.

Duk da haka daminar nan ban ji daɗinta ba. Ban taɓa shakkar hauyar ba, ko kaɗan. Baba nake shakka, don na san in ya kafe sai Allah. Kullum na kira Inna sai in tambayi kafaɗa, ita kuma ta san rijiya nake tambaya, sai ta ce madoshi yana nan inda yake.

Bayan an gama maimai na je gida. Da safe muna rumfa, Baba yana ɗaure awartakai da igiya alamar haɗa kaya, sai ga Kawu. Ko sallamar kirki bai yi ba, ya jefa hauyar a gaban Baba. Ta yi fes, laka ta goge ta tana ƙyalli.

"Ta karye?" in ji Baba.

"Ko gezau. Hawasha guda niy nome da ita, har da ta surukina. Bana ko man zahi ba a shahwa man a baya ba."

"To mi ya kawo ka?"

"Mayar da ita niz zaka yi. Jiya a bakin tur'ar ban-ruwa wani yaɗ ɗauke ta shina dubawa, yac ce, wagga ta wane gida ta? Na rasa abin cewa. Ni tsoho na, abokina. In na mutu ɗana ya gaje ta, ran da tak karye ƙohwar wa za shi bugawa?"

Baba ya ɗauki hauyar. Ya duba baki, ya duba wuya, ya ƙwanƙwasa ta a jikin uwar maƙera ya saurari ƙarar. Ya juya ta ya sake duba kafaɗar da na ƙara, inda ko tsaga babu. Sannan ba tare da ya ɗago ba ya ce:

"Ran da ba ni, akwatin ga ya iya ninka igiya shi kaɗai?"

"Bai iya komi shi kaɗai, Baba. Ni nik koya mai. Ni kau kai kak koya man."

"Ban koya maki ba. Sata kiy yi."

"To ai a gida niy yi ta."

Sai ya kwance igiyar da ya ɗaure awartakai, ya ce wa Kawu ya daina tsayuwa kamar baƙo ya kama zugazugi. Ya cire ƙota, ya sa wuyan hauyar a wuta har ya yi ja, ya ɗora a kan uwar maƙera. Ya buga ɗigo na farko, ya buga na biyu, ya buga na uku, kowane bugu ina ganin yana cije leɓe. Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, na samu abin da nake nema. Amma bai ajiye madoshin ba. Ya matsar da shi gaba kaɗan, ya riƙe da hagu, ya miƙo mini masaba ta wajen ƙota.

Na tsaya ina kallonsa. Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Malam, mace hwa ta."

"Na sani, ni niy yanka ragon sunanta. Mai ɗigo shi ka buga abinai. Maza, ƙarhe na hucewa."

Duk cika bakina, da ƙyar na karɓa. Ban taɓa ɗaga masaba ba, ban san tana da nauyi haka ba, ga kuma yatsun Baba a jikin madoshi. Na rufe ido, abin da ba maƙerin da ke yi, na buga. Madoshin ya ɗan goce. Ɗigona ya fito a karkace, ya sauka ƙasa da layin sauran ukun. Kawu ya ce bai taɓa ganin muhandisar da ta kasa jera ɗigo huɗu ba. Ni kuwa kuka nake yi, ban ko ɓoye ba.

Uwar maƙera ba ta je Dindir ba. Yanzu igiyoyi ne ke zuwa daga can, direbobin lori suna kawo su a ɗaure da ƙyalle. Masu waya kuma hoto suke turowa. Da farko sai mutum ya shimfiɗa igiyarsa a tabarma ya ɗauka ya turo, yana ganin ya gama, ni kuwa ba yadda zan san ko kamu ɗaya ce ko uku. Na yi ta faɗa har na gaji, sannan na kafa doka cewa duk mai turo hoto ya ajiye kwalin ashana kusa da igiyar. Daga hauya mun shiga rariyar injin ɓare gyaɗa, wadda ake yi wa ramuka daidai girman irin da mutum ya shuka, yanzu kuma ina kan ƙafar amalanken jaki. Wasu maƙera biyu na ƙauyukan kusa suna karɓar yankakken ƙarfe su ƙarasa a ƙarƙashin idon Baba, shi kuma ya zama mai awo da duba aiki, yana kushe abin da ya ga dama.

Da yawan aiki ya sa muka koma fitar da ɗigon da inji, na zauna na jera su huɗu a layi ɗaya, tsaf, na kai wa Baba ya gani. Ya duba allon ya girgiza kai. Ya aika aka karɓo hauyar Kawu, ya ce in auna gocewar nan in mayar da ita yadda take.

"Haka kib buga shi. In an gyara, wa za shi san naki na?"

Na auna, na mayar. Duk hauyar da ta fita daga gidanmu yau, in ka duba wuyanta za ka ga ɗigo uku a jere, na huɗun ya ɗan sauka ƙasa.